Kwamfutar da Aka Kulle Ranar Biki

Zuwa ga Shugaban cibiyar da ta koya mana gina manhajar waya a Dutse,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara, ina koyarwa a makarantar 'ya'yan makiyaya a ƙasar Buji, kuma ina cikin malaman da kuka horar a daminar bana. Na rubuto a fili ne domin na bi ƙofofin ofishinka, kowace sai ta nuna mini ta gaba, har kaina ya ɗaure.

Na farko, abin da ya kai ni wurinku. Da an gama kaka ruwa ya ja baya, iyayen ɗalibaina sukan kora shanu kudu da yaransu, sai damina su dawo. Yaron da ya tafi yana haɗa baƙi da wasali sai ya dawo yana kallon allo kamar bai taɓa ganinsa ba. Shi ya sa da kuka ce za mu iya gina manhajar karatu mai aiki ko ba intanet, murna ta sa na yi saurin baki. Na durƙusa gaban Ardo, shugaban rugar, na ce bana karatu zai bi yara duk inda aka yada zango, da muryata a ciki, Hausa da Fillanci. Ardo bai cika sakin jiki da boko ba, amma ya ce ya ji, ya kuma sa magidanta su kawo mini wayoyinsu kafin tashi.

Na biyu, horon ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinku ba. Malamin ya ce kafin a gina komai sai an girka kayan aiki a kwamfuta: babbar manhajar da ake gini da ita, da wata wayar gwaji da ke fitowa a fuskar kwamfutar. Kuka ba kowa kwamfuta sabuwa. Na tare a gidan yayata a Yalwawa saboda wuta da intanet, na yi ta jira har kayan suka gama sauka. Ina danna girkawa sai na'ura ta ce in kawo kalmar sirrin mai kula da ita. Na sa tawa, ta ƙi. Na sa sunan cibiya, ta ƙi. Na kira abokan horona na Garki, ashe kowa yana nan yana kallon akwatin da ake rubuta kalmar sirrin, kowa yana zaton shi ne bai gane karatu ba.

Na uku, kai-komo. Malamin horo ya ce nasa koyarwa ne kuma ya gama, in ga mai kula da sito. Mai sito ya ce nasa rabo ne, ya kuma ja mini kunne cewa in na kuskura na kai kwamfutar wurin masu gyara a kasuwa za a karɓe ta, domin kayan gwamnati ce. Sai ma'aikacinku mai kula da na'urori ne ya tausaya mini, ya rage murya ya tuna mini ranar bikin buɗe horon. Ina wurin, har tafi na yi. An ɗora kwamfuta ɗaya a tebur, aka roƙe ka ka sa mata kalmar sirri da hannunka mai albarka, masu hoto suna ta ɗauka. Daga wannan kwamfutar aka kwafa sauran duka. Ke nan mabuɗinmu gaba ɗaya yana cikin kanka.

Na tambayi dalilin da ya hana a tambaye ka. Aka ce ba a yi wa babba irin wannan tambaya, domin in ya manta an kunyata shi gaban na ƙasa. Ni 'yar ruga ce, ba wanda zai koya mini kunya, amma ko a wurinmu in saniya ta ɓata ana tambayar Ardo ko ya gan ta.

Na huɗu shi ya fi ɗaure mini kai. Ofishinka ya turo mana saƙon waya cewa duk wanda bai miƙa manhajarsa ta farko ba za a cire shi daga zango na biyu na horon saboda rashin himma. Ranka ya daɗe, da me zan gina ta? An ce in girka, an hana ni mabuɗi, an hana ni neman mai buɗewa, sannan ni ce marar himma. Wallahi ban san wanne zan bi ba. Kwamfutar tana nan ina goge mata ƙura kamar kwanon jere.

Roƙona kaɗan ne. In ka tuna kalmar, ka ba ma'aikacinka ya buɗe mana. In ta shige maka, mantuwa ba laifi ba ce, ka ba shi izini ya wanke na'urorin ya sake shirya su, ya ce aikin yini ɗaya ne. A kuma ɗage wa'adin nan. Kada a hukunta ma'aikacin nan, bawan Allah, gaskiya kawai ya faɗa mini.

An gama yankan dawa, mata sun fara ɗaure kaya. Jiya Ardo ya aiko mini da wayoyin magidanta cikin ƙwarya an rufe da faifai, yadda ake kawo nono ga wanda ake girmamawa. Suna ɗakina, ban saka musu ko harafi ɗaya ba. In na mayar da ƙwaryar nan yadda ta zo, baɗi ko yaran ba zai ba ni ba. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni na tambaya tunda kowa ya kasa: Ranka ya daɗe, me ka rubuta ranar nan?

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa ka gama da aikin nan lafiya, ya kuma tuna maka abin da ka manta.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Hajara, daga ƙasar Buji.