Zanen da Na Wanke

Zuwa ga Rahinatu, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, yayyafin farko a kan ƙasar da ta gaji da jira. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ƙafarsa ta gaji, zuciyarsa kuma ta fi ƙafar gajiya. Ki miƙa gaisuwata ga Baffa Gwadabe da mutanen gidansa na unguwar Ogui a Inugu, ki ce na gode da ya riƙe min ke da mutunci, ko da yake ni na ja kika tafi.

Yau sati biyar ke nan da kika bar Fatakwal kika hau motar Inugu. Idan na kira ki a waya kina ɗauka, ki gaishe ni sarai, ki tambayi kasuwa, ki tambayi ruwan sama, kamar yadda ake yi wa baƙon da ake jira ya tashi. Shi ya sa na ɗauki biro da wannan hannun nawa na mahauci, wanda bai san komai ba sai wuƙa. Idan kin ga rubutun ya karkace, haka mai shi yake a kwanakin nan.

Kin tuna zamanki na bayan la'asar a bakin ƙofar ɗakinmu na unguwar Borokiri? Ki dawo daga koyarwa a gajiye, ki yi girki, maimakon ki miƙe ƙafa sai ki jawo auduga ki hau kaɗi. Na sha tsokanar ki, ina cewa ga atamfa jibge a kasuwa, ga tela a bakin layi, me ya haɗa malamar makaranta da aikin kakannin kakanni? Ran nan kika ajiye mazarin kika ba ni amsa. Kika ce shekaru ɗari biyar ko ɗari shida da suka wuce, a biranenmu na arewa, akwai matan da suke gurzar auduga su kaɗa zare da goyo a baya da tukunya a murhu, zarensu ya je wurin masaƙa, ya shiga marina, ya bi fatake zuwa garuruwan da su ba za su taɓa gani ba. Da aka zo rubuta tarihi sai aka lissafa masu mulki da yaƙe-yaƙensu. "Ko ɗaya daga cikin matan nan ban san sunanta ba, Malam," kika ce. "Amma idan na riƙe allura yadda ta riƙe, bayana ya yi ciwon da nata ya yi, to mun gaisa." Na yi dariya a lokacin. Ashe maganar ta shige ni ban sani ba.

Shekara biyu da rabi kika yi a kan zane ɗaya, irin wanda kike zaton matan can sun ɗaura. Ni shaida ne. Inna Kande, tsohuwar nan mai sayar da kuka da daddawa a kasuwar Head Bridge ta Anacha, ita ta gyara miki hannu a kaɗi, kina bin mota har Anacha don ta duba zarenki ta yi miki faɗa. Yunus direban motar shanu ya kai zaren arewa wurin masaƙi, aka dawo miki da ƙyallayen saƙa sirara, faɗin kowanne bai wuce yatsu huɗu ba. Kika haɗa su layi bayan layi da allura, baki da baki, kina warwarewa duk inda ɗinkin bai kwanta ba. Zanen ya sake komawa arewa aka rina, aka buga masa shuni. Ranar da ya dawo yana sheƙi kamar bayan hankaka, kika ɗaura shi a tsakar ɗaki, shuɗin ya shafi kafaɗarki, kika yi dariyar da rabona da jin irinta tun muna sababbin aure. Wallahi ranar na ga wata ya sauko Borokiri da rana tsaka.

Ni ne kuma na kashe shi. Bari in faɗa da bakina, tunda ke kin ƙi faɗa.

Kin tafi Anacha duba Inna Kande da ba ta da lafiya. Kwana tara ana ruwa a Fatakwal ba ƙaƙƙautawa, bango ya jiƙe, har takalmana na Juma'a sun yi fumfuna. Na buɗe akwatinki don kaya su sha iska, na ji warin danshi, na ga farin ƙyallen da kika naɗe zanen a ciki duk ya yi shuɗi. Kin san tarbiyyar mayanka: abin da ya yi tabo a wanke, abin da ya yi wari a jiƙa. Shekara ashirin ina fitar da jini daga riguna, har alfahari nake babu tabon da ya gagare ni. Na tafasa ruwa, na zuba garin sabulu, na sa burushin da nake dirzar kayan aikina. Sau bakwai na ɗauraye, ina jira ruwan ya fito fari. Kwatar gidan duk ta koma shuɗiya. Mama Boma maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Oga Ya'u, wetin this cloth do you?" Wato me zanen nan ya yi min. Na ce mata madam nake taimakawa. Ina shanya shi ina tsara yadda za ki yaba min.

Kika shigo da jakarki a hannu, kika tsaya gaban igiya. Kika shafa shi sau ɗaya, ya yi toka-toka, ya yi gashi, ɗinkin ya tattare. Kika juyo kika ce, "Sannu da aiki, Malam." Da ma zagina kika yi, Rahinatu! Da kin fasa kwano, da kin tara min mutane, da na san inda zan kama in ba da haƙuri. Sati biyu kina girki, kina shara, kina amsa sallamata, amma ba ki sake taɓa auduga ba. Makaranta na ba da hutu kika ce za ki je ganin Baffa.

Ba zan ɓoye miki ba, na ba Yunus zanen ya kai wa marinin da ya rina shi. Ya aiko cewa launi dai zai iya mayarwa, amma burushi ya cinye zaren, idan aka ɗora masa bugu yagewa zai yi. Na so in samo miki labari mai daɗi in buɗe wannan takarda da shi. Babu. Abin da na ɓata ya ɓaci.

Na gaji, abar ƙaunata. Ba gajiyar ɗaukar cinyar sa ba, wannan na saba da ita. Gajiyar in dawo in tarar da ƙofa a kulle yadda na bar ta, in ci abincin sayarwa na bakin titi a tsaye, in zauna wanki hannuna ya mutu a cikin bokiti. Wa zan ba labarin rigimar 'yan acaɓa a bakin mayanka? Wa zai ce min in rage surutu tana ƙirga zare? Sai yanzu nake tunanin matan can naki. Su ma suna da maza, kuma na tabbata a cikinsu akwai irina, wanda yake ƙaunar matarsa har cikin ƙashi amma bai taɓa zama ya tambaye ta me take yi da hannunta ba. Shekara biyu da rabi ina tsallake aikinki in wuce, ban taɓa cewa ki koya min ko yadda ake ajiye shi ba. Wannan ya fi wankin ciwo, kuma na san shi ne ya kai ki Inugu.

Saura kwana goma a koma makaranta. Yunus ya ce Baffa yana nema miki gurbin koyarwa a can, kuma ba ki ce a'a ba. Ina roƙonki ki dawo. Na yi alkawari zan zauna a ƙasa kusa da ke in riƙe miki zare, in yi tambaya kafin in taɓa, in yarda akwai tabon da yake ado ne.

Amma ga wata gaskiyar da nake jin kunyarta. Lefen kaɗinki, ɗan kwandon nan, yana nan ƙarƙashin gado, da mazarinki da allinki da alluranki da sauran audugar Inna Kande. Na san kin bar shi, na yi shiru, ina cewa a raina ko ba don ni ba wata rana za ki zo ɗaukarsa. Sai Yunus ya ce ya same ki zaune a barandar Baffa, hannuwanki biyu a kan cinya, babu komai a cikinsu. Tun da na san ki ban taɓa ganin hannunki haka ba, kuma ba zan iya zama sanadin hakan sau biyu ba.

Don haka ga lefen nan tare da wannan takarda, ban cire ko allura ɗaya ba. Yanzu babu sauran abin da kika bari a Borokiri da zai dawo da ke, sai ni kaɗai. Idan ban isa ba, ki yi kaɗinki a Ogui, Allah ya sa albarka a zaren.

Naki har ƙarshen numfashi, ko kin dawo ko ba ki dawo ba,

Mijinki, Ya'u.