Guɗar Bara'atu a Gindin Dutsen Ƙanƙara

Ostiriya, watan Janairu

Yaya Hanne,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya mutanen Ajingi, ya gyaɗar bana? Muna lafiya, sai sanyin da ya sa ni da yatsuna muka daina ga-maciji, amma da sauƙi.

Albishirinki, 'yarki Zuhra ta koma tsere. Kin san sana'ar: mutum da hankalinsa ya hau ƙololuwar dutse, ya ɗaura katako biyu a ƙafa, ya sulalo kan ƙanƙara da gudun da ya fi na motar Kano. Tun da jijiyar gwiwarta ta tsinke bara waccan take atisaye ba fashi. Kocinta ya ce in ba ta shiga goman farko ranar Asabar ba, ƙungiya za ta sallame ta.

Ranar na je wurin tseren a dattijona. Tana tasowa na ja hula na rufe ido. Mutanen nan ƙararrawar wuyan shanu suke kaɗawa don murna, shanun kuwa ba a gayyace su ba. Cikin hayaniyar na ji guɗa irin ta Gaya. Uwarta Bara'atu ce, mai cewa kullum a bar wasan nan.

Ta huɗu Zuhra ta zo! Ta iso tana haki: "Baba, ka ga kwanar ƙarshe?"

Na ce, "Sarai."

Bara'atu ta ce, "Tambaye shi launin cikin hularsa."

A raba ƙosan sadaka. Ki gaya wa Inna addu'arta ta karɓu, amma ta ƙara da tawa, akwai wani tseren makon gobe.

Ƙaninki,
Sharfaddeen