Idan Suka Ɗauke Ni a Bidiyo, Wa Zai Sake Nemana?

Assalamu alaikum, 'yata mai wannan fili. Ki taimake ni da shawara, raina ya ƙi kwanciya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni tsoho ne, akawu mai ritaya, tun zamanin tafireta. Ina da ciwon nan na lalacewar tsoka da ake gado. Nawa mai tafiyar hawainiya ne, ya fara da fuska da kafaɗu, yanzu ya sauko ƙafa. Ba na iya ɗaga hannu in taje kaina, ko da yake gashin ma ya riga ya yi sallama. Matata ta rasu. 'Yata guda tana aure a nesa, sai dai waya. Tagar ɗakina katangar maƙwabci take kallo.

A asibitin da nake zuwa akwai wata babbar likita da ke horar da ƙananan likitoci da masu bincike a kan wannan ciwo. Ita ta roƙe ni in riƙa zuwa duk Talata su koya a jikina. Mota ke zuwa ɗaukata. Sai su kewaye ni da fararen rigunansu, wannan ya ce in runtse ido da ƙarfi, wancan ya ce in yi fito, in yi ta hura iska ba sauti, mu kwashe da dariya. Sannan a zaunar da ni a gajeriyar kujera a ce in tashi, kuma doka ce kada kowa ya miƙo hannu, don yadda nake dafa gwiwa in lallaɓa in miƙe shi ne darasin. Akwai wata matashiyar likita da ke cusa hannayenta a aljihu don kada su kufce su kama ni. Farfesa suke kirana, ni kuwa na ce musu ni littafi ne mai tari.

To, makon jiya likitar ta ce suna so su ɗauke ni a bidiyo, ina tashi, ina tafiya, don a kai wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda ke ganin mai irin ciwona su ce kasala ce ko tsufa. Ta ƙara da cewa hakan zai hutar da ni wahalar zuwa. Wannan kalma ta hutu ce ta dame ni. Wa ya ce mata hutu nake nema? Gaskiya ina dawowa a gajiye, washegari ba na moruwa, har na taɓa kusan faɗuwa a bakin mota. Amma ranar ce kaɗai nake sa rigata mai kyau, ake dafa kafaɗata, ake tambayata a kuma jira amsa.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. In koma gado, in dawo kujera, in kunna rediyo, in kashe. Idan na ce zan ƙi, sai in tuna shekarun da na yi ana ba ni maganin ƙarin jini kafin a gane ciwona. Idan na ce zan yarda, sai in hango hotona yana yawon garuruwa, ni ina zaune ba mai nemana. Ga kunya kuma, a ga dattijo yana fafutukar tashi, a mayar da shi baya a sake kallo. 'Yata ta ce in yarda in huta. Likitar na jiran amsa Talata mai zuwa. Son kai ne idan na ƙi?

Dattijo mai jiran mota

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Ba son kai ba ne. Jikinka naka ne, idan ka ƙi ba ka ci haƙƙin kowa ba, kuma kulawar da ake ba ka ba ta rataya a kan wannan amsa ba.

Sai dai likitar ma tana da gaskiyarta. Ta ga gajiyarka, ta ɗauka alheri take yi maka. Ba ta san abin da ranar take a wurinka ba, domin ba ka faɗa mata ba. Ciwon da aka ɓoye wa likita, ai ba laifinta ba ne in ta ba da maganin wani.

Saboda haka ka raba maganar biyu. Bidiyon, in zuciyarka ta kwanta, ka yarda da sharaɗi: ka fara kallonsa kafin kowa, a cire abin da bai yi maka ba, ka san su wa za su gani, kuma a bar ka ka yi magana a ciki da bakinka. Zuwa kuwa, ka gaya wa likitar ƙarara cewa kana so ka ci gaba. Hoto ba ya amsa tambaya, kuma ba a koyon lallashin mara lafiya a jikin allo. Ka nemi a rage maka tashi da zama, a sa mai riƙe ka wajen shiga mota. Ka tambaye ta ko za ka iya zama da waɗanda aka gano musu ciwon kwanan nan, don su ma suna can a ɗakunansu ba abokin hira.

Abu na ƙarshe, Baba, ka kira 'yarka yau, ka gaya mata abin da ka gaya mini. Rana ɗaya a mako ta yi kaɗan ta ɗauki nauyin mutum gaba ɗayansa, kuma ita ta fi ni cancantar jin wannan magana.

Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ba ka ƙarfin faɗin abin da ke ranka.