Darasin da Ya Ɓata wa Dagaci Rai

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yau na ba 'yan aji biyar labarin Charles na Ɗaya, sarkin Ingila da majalisarsa ta gurfanar, aka sare masa kai. Firdausi ce ta ɗaga hannu: "Malama, ashe sarki ma ana kai shi kotu?" Na ce a can dai an kai. Shekara tara ina koyar da tarihi a Mai'adua, ban taɓa jin daɗin tambaya kamar wannan ba.

Laraba, 9 ga Oktoba
Shugaban makaranta, Malam Sha'aban, ya kira ni ofis. Ashe Firdausi ta maimaita tambayar a gaban mahaifinta, dagacin ƙauyensu, ga baƙi zaune. Wai in tsallake babin. "Malama Mardiyya, nan fa ƙasar Daura ce." Na sani, a nan aka binne cibiyata. Ni na kashe Charles?

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ban tsallake ba. Na ma ƙara musu da William na Holan, wanda ya haye teku ya ture surukinsa James daga mulki, matarsa Mary, 'yar James ɗin, tana goyon bayansa. In makarantar garin Babban Mutum za su mayar da ni, bismilla. Can ma akwai allo.

Litinin, 14 ga Oktoba
Kujerar Firdausi ba kowa.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Har yau. Ƙawarta ta ce an hana ta zuwa sai an canza malamar tarihi. Ga jarrabawa na matsowa, kuma duk ajin babu kamarta. Ba laifina ba ne. Ba laifina ba ne, na ce.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na hau babur na je ƙauyen. Ba haƙuri na je bayarwa ba, littafin na kai wa dagacin ya gani. Na zaci mafaɗaci zan tarar. Dattijo ne siriri, yana ɓarar gyaɗa a zaure. Ya sa na karanta ina fassarawa. Sare kan bai ko motsa shi ba. Da na zo kan Mary ya ɗaga hannu.
"Uban nata ya sake ganinta?"
"A'a, ranka ya daɗe. A ƙasar wasu ya ƙare."
Ya ture gyaɗar gefe.
"Malama, ba rawanina nake ji ba. Firdausi kaɗai Allah ya bar min. Tun ranar nan kallon da take min ya canza."
Na rufe littafin, na yi masa sallama.

Litinin, 21 ga Oktoba
Ta dawo. Babin na nan, ko layi ban cire ba. Na dai ba su aikin gida: kowa ya zauna da babansa ko kakansa, ya tambayo yadda ake yi a ƙasarmu a da, in mai sarauta ya kauce hanya. Firdausi ta ce babanta zai sani sosai. Na ce ta gaishe min da shi.
Da ma tun tuni na yi niyyar ba da wannan aikin. Ina jin.