Buhunan da Na Rataya a Gawo

Matameye, tsakiyar damina

Zuwa ga maigidana, Baban Najma,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, Inna da Najma suna gaishe ka.

Takarda na rubuto domin in na ɗauki waya gidan nan kowa kunne yake zama. Na ji saƙonka, cewa in tsutsar murzuna ta sake cinye mana hatsi bana kamar bara, za ka sayar da gonar hanyar Dawce mu tattara mu same ka Agadas. Ban yi maka musu ba, amma ka sani na yi kuka. Ba na son barin gonar nan, a cikinta na yi goyon Najma.

To ga abin da na yi. Zuhra, ma'aikaciyar gidan gona, ta kawo wa ƙungiyarmu ta mata wasu ƙananan buhunan algarara. A ciki akwai tsaba da gari da tsutsotsi, da wani ɗan zanzaro wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ba ya cin hatsi. Tsutsa yake nema ya harbe ta ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta su tashi su nemi wata. Na karɓi nawa na rataya a gawon tsakiyar gona. Sharaɗin kawai kada a yi feshi, domin maganin ya fi saurin kashe zanzaron a kan tsutsar.

Na san kana dariya, matarka ta koma kiwon ƙwari. Yi abarka.

Taka,
Mansura

Matameye, bayan sati biyu

Baban Najma,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zafin garin?

Kafin wani ya riga ni, gara ka ji daga bakina. Baba Badaru, maƙwabcinmu na gona, ya ga buhuna suna lilo a gawo, ya ce asiri na rataya don in janye albarkar gonarsa zuwa tamu. Ya tsinke ɗaya ya ƙone, ya kai ƙarata wurin mai unguwa. Ranar kasuwa har wata ta janye ɗanta daga kusa da ni. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da aka kira ni ban tsaya dogon bayani ba, ka san bakina in ya buɗe. Na roƙi dattawa su biyo ni gona. Na karya zangarniyar da murzuna ta fara zagayewa, na buɗe a tafin hannuna. Ga tsutsar kwance ba motsi, ga 'ya'yan zanzaro manne a jikinta suna sha. Mai unguwa ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar sauran buhunan inda suke, kuma kowa ya ajiye famfon feshinsa.

Baba Badaru bai ba ni haƙuri ba. Ya ce dai ƙwaro ba ya aikin lada, za mu gani.

Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Kullum da safe sai na je na duba kan hatsin.

Matarka,
Mansura

Matameye, kaka

Maigidana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka gaisuwar mai farin ciki, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Mun yi girbi! Zangarniya cike take tun daga gindi har baki, sai ka bincika kafin ka ga sawun murzuna. Amalanken Sa'adu da muka ɗauka haya ya yi ta jigila har jakin ya yi fushi. Inna ta tsaya bakin rumbu tana ta hamdala, hawaye na zuba.

Abin da zai ba ka dariya, zanzaron bai san iyakar gona ba. Ya tsallaka har ta Baba Badaru ya yi masa aiki kyauta, hatsinsa ma ya kusa fin namu. Shekaranjiya ya aiko mini da rake, wai na Najma ne.

Zuhra ta ce da rani yawancin zanzaron mutuwa yake, domin babu tsutsar da zai ci, shi ya sa a da murzuna take riga shi tashi. Ƙungiya ta zaɓe ni in koyi renonsa a gida har wata damina, matan garin Tsauni ma sun ce in ajiye musu. Ka ga yanzu ko ka aiko mota ba ni da halin tafiya, ina da bakunan ciyarwa.

Saboda haka ka gaya wa mai son sayen gonar ya nemi wata. Rumbunmu ya cika, sauran dammunan suna jibge a ɗakinka har kan gado. In kana son wurin kwana, sai ka zo ka gina na biyu.

Ina jiranka.

Taka har kullum,
Mansura