Ƙarfen da na ɗauka a tashar Illela

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, shekaruna sun ja.

A shekarun tamanin ina canjin sefa a Illela, ƙanwata kuma tana aiki a cikin jirgin sama, ita ke raba ma fasinja abinci. In sun sauka Sakkwato kamfani ne ke ba su mota ta kai kowa gida. Sai aka yi sabon manaja, ya ce kamfani ya daina, kowa ya biya motarshi. Dole ta koma shiga fijo ta haya da yunifom ɗinta.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, ta sauka tasha da la'asar, ina tsaye ina jiranta. Wani ɗan kamasho ya tare ta, ya ce mata karuwar jirgi, ya fizge ɗankwalinta gaban jama'a. But ɗin bayan fijon da ta kawo ta a buɗe yake, na zaro ƙarfen kwance taya na sauke mashi a ƙeya, sau biyu. Ya kife, jini har kan takalminta. Na yada ƙarfen na shige cikin mutane, kafin magariba na tsallaka iyaka, ina Ƙonni cikin Nijar.

Direban da ya kawo ta shi ya duƙa ya ɗauki ƙarfenshi. 'Yan tasha suka gan shi da shi a hannu, suka rufe shi da duka, suka karya mashi hannu da haƙarƙari. Ɗan kamashon ya rayu, amma bai ga wanda ya buge shi ba. Direba ya yi gidan yari. Ƙanwata ta yi shiru saboda ni, ta aje aikin, ba ta sake kallon idona ba.

Bara ta rasu. A asibiti ta ce min, "Yaya, je ka faɗa ma direban nan gaskiya."

Yana nan garin Lafani, hannun ya shanye, bai sake tuƙi ba. Na tafi sau biyu. Ya shimfiɗa min tabarma, ya ce, "Alhaji, mi ke tafe da kai?" Na ce gaisuwa ce.

'Ya'yanshi manya ne, sun tashi ana ce masu 'ya'yan fursuna. Ina tsoron abin da za su yi min, ina kuma tsoron mutuwa da alhakinshi. In tafi ni kaɗai in faɗa mashi, ko in tara su gaban liman?