Kabewar da Ta Tsallaka Katanga

Daga: Tsohon direban motar asibiti, mai ritaya,
Gida na ƙarshe, layin famfo.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Mazauna Unguwa.

Kwanan wata: 9 ga Oktoba.

Game da: Ƙorafi a kan maƙwabcina tela, bisa riƙe kabewata da shanya ta ba da izinina ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina baƙin cikin ɗaukar alƙalami a kan mutumin da muka tsufa katanga ɗaya, wato telan nan da kowa ke kira Baban 'Yan Biyu. Na so in haɗiye maganar, amma ta ƙi wucewa. Ga yadda abin ya kasance:

1. A farkon watan Yuni na shuka kabewa a gindin katangar da ta raba gidana da nasa. Irin ba na kasuwa ba ne. Daga hannun marigayiya mahaifiyata ya fito, kuma shi kaɗai ya rage mini, domin ɓera ya yi wa sauran ta'asa. Ni na haƙa ramin, ni na zuba takin kaji, ni na yi ta jan bokiti da wannan bayan nawa da likita ya hana ɗaukar nauyi.

2. A watan Yuli kabewar ta yi yaɗo, ta kama katanga, ta tsallaka ko sallama babu. A ɓangarena ta bar mini ganye da tsutsa. A ɓangarensa ta yi fure, ta zuba 'ya'ya manya-manya, wata ma sai an rungume ta.

3. Da na same shi cikin mutunci, tela ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, sannan ya shaida mini cewa shi bai gayyace ta ba, da ƙafarta ta shigo, kuma a gidansu ba a korar baƙo. Ya ƙara da cewa wai ko kabewa ta san gidan da ake zaman lafiya. Ina roƙon Kwamiti ya lura da wannan kalma, domin a gaban masu karɓar ɗinki ya faɗe ta, kuma sun yi dariya har da tafi.

4. Ranar 28 ga Satumba na hau tsani don gyaran eriya, kuma wallahi gyaran eriyar ne ya kai ni. Sai na hango kabewata a kan kwanon ɗakinsa, an fere ta, an yanka siri-siri, an shanya a kan zanen gado. Irin kuwa an wanke an baza daban a faranti. Tela ya ɗago mini hannu daga tsakar gida, yana tambayata wai yaya ake gane ta bushe sosai, don kada ta yi masa fumfuna a kwalba. Na san amsar, Yallaɓai. Ban faɗa ba.

5. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, makon jiya ya aiko wa maiɗakina kwalba guda ta busasshiyar kabewa, an ɗaure bakinta da ƙyalle mai kyau. Ta karɓa hannu bibbiyu, ta sa masa albarka, ta yi miya da ita. Sai da na ci na nemi ƙari sannan aka gaya mini daga inda ta fito. Tun daga ranar, da na yi motsi sai ta ce in je tela ya koya mini noma, mutumin da ko fartanya bai mallaka ba.

Saboda haka ina roƙon Kwamiti, cikin ladabi, da ya umarce shi ya dawo mini da irin mahaifiyata, domin wannan kam ba na wasa da shi. Ya kuma raba kwalaben busasshiyar kabewar gida biyu, sannan ya tako har gidana ya faɗa wa maiɗakina da bakinsa ko wane ne ya shuka.

Daga ƙarshe, idan tela ya tayar da maganar reshen lemun tsaminsa da ya leƙo tsakar gidana, ina roƙon Kwamiti kada ya ɓata lokacinsa mai tsada. Wannan magana ce daban. Reshen ya daɗe a wurinmu, ya saba da mu, kuma lemun da ke cikin kwalaben ɗakin girkina an riga an zuba masa gishiri, ba ya komawa bishiya.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basirar hukunci.

Mai biyayya gare ka,
Tsohon direban motar asibiti,
Halattaccen mai kabewa.